Daga Buroshi Zuwa Kwamfuta: Labarin Rayuwata a Sana'ar Zane a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni mutumin cikin birnin Katsina ne, a nan aka haife ni, a nan na yi karatu, kuma a nan nake cin abinci da sana'ar da ake kira zanen kwamfuta, wato tsara fosta da katin biki da bangon littafi da tambarin kamfani da takardar da ake liƙawa a jikin kayan sayarwa. Abin da ya sa na zauna rubuta labarina shi ne yawan matasan da ke zuwa shagona suna tambayar ko wannan aiki yana riƙe mutum da iyalinsa, da kuma yadda na lura cewa aikinmu yana kan kowane bango da kowane kanti na garin nan, amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi wanda ya yi shi ko dalilin da ya sa ya yi shi haka ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma ba shi da wata alaƙa da zane. Kakana na wajen uwa ne ya fara buɗe mini ido. Alaramma ne mai rubuta Alƙur'ani da ka, kuma idan yaro ya kusa sauka, wurinsa ake kawo allo ya yi zayyana. Ina ƙarami nakan zauna kusa da buzunsa ina kallon yadda yake feƙe alƙalamin gamba, ya jera 'yan kwalaben tawada a gabansa, baƙa ta rubutu, ja ta wasali, rawaya ta hamza, sannan ya raba fuskar allon gida-gida kafin ya ɗiga ko da ɗigo ɗaya. Sai ya ware wurin Fatiha da farkon Baƙara, ya bar musu fili, sa'an nan ya kewaye su da ado, kuma bai taɓa barin adon ya rinjayi rubutun ba. Ban san cewa darasi nake ɗauka ba a lokacin, amma duk abin da na karanta daga baya game da tsara shafi, na tarar ya riga ya nuna mini shi a kan allo.

A makarantar firamare da sakandare ni ne mai zana taswira da hoton sassan jiki a allon aji idan malami ya buƙata. Da na gama sakandare, mahaifina ya so in zauna tare da shi a kasuwa, domin yana da damuwa game da zana abu mai rai, kuma yana ganin zane wasan yara ne. Kawuna ne ya shiga tsakani. Ya ce masa, "Yaya, yaron nan hannunsa na rubutu ne, kuma akwai masu rubuta allunan shaguna da ke riƙe da gidajensu da wannan aiki, ka bari in kai shi wurin wanda na yarda da shi." Mahaifina ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya amince, da sharaɗin kada in bar karatun dare kuma kada in zana abin da zan ji kunyar nuna masa. Har yau da wannan sharaɗi nake auna aikin da ake kawo mini.

Maigidana yana da ƙaramin shago a bakin titi ta wajen Ƙofar Ƙaura, cike da gwangwanayen fenti da katako da falankin kwano. Ya sha ba mu labarin yadda aiki ya buɗe masa a shekarar 1987, lokacin da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, domin kowace sabuwar ma'aikata da kowace makaranta sai da ta sake allon sunanta, kuma duk da hannu aka rubuta su. Na daɗe ina wanke buroshi da kananzir da goge kwano da sanfefa kafin ya yarda in taɓa aikin mutane. Idan zai rubuta allo, sai ya shafa wa zare alli, mu riƙe masa gefe da gefe, ya ja tsakiyar zaren ya sake shi, layi ya fito a miƙe. Daga nan ya ƙirga haruffan, ya nemo na tsakiya, ya fara daga nan zuwa dama da hagu domin kada rubutun ya karkata gefe guda. Yakan tsallaka titi ya tsaya ya dubi allon daga nesa, ya dawo ya ce mini, "Kai yaro, mai babur ba zai tsaya ya karanta ba, idan bai gane ba a wucewa ɗaya, to ba ka yi komai ba." A wurinsa na koyi yanka hatimin roba da reza, inda dole a sassaƙa kowane harafi a juye domin ya fito daidai a takarda, na kuma koyi yanka haruffa a tsohon fim ɗin hoton asibiti domin buga riguna da lambobin motocin haya. A zaɓen 1999 mun kwana muna rubuta sunayen 'yan takara a dogayen fararen yadudduka, muna shanya su a igiya har cikin lungun bayan shago.

Kwamfuta ta shigo rayuwata ne ta hanyar wani shagon buga takardu da ke kusa da mu, inda na ga wani saurayi ya rubuta suna, ya lanƙwasa shi, ya sauya masa launi sau da yawa cikin ɗan lokacin da ba zai ishe ni dama fenti ba. Manhajar da yake amfani da ita CorelDRAW ce, wadda har gobe ita ce ta fi karɓuwa a madaba'un ƙasar nan. Na riƙa zuwa bayan sallar isha'i ina biyan kuɗin awa ina koyo, daga baya na yi difloma a fannin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Da na tara 'yan kuɗi, mahaifiyata ta ƙara mini da kuɗin adashenta, na sayi tsohuwar kwamfuta, maigidana kuma ya sallame ni da addu'a da buroshi guda daga cikin waɗanda ya fi so.

Shekarun farko sun yi wuya, domin babu injin buga manyan fostoci na leda da muke kira fleks a kusa da mu. Sai mu zuba aikin a faifan CD, daga baya a filas, mu ba direban motar haya a tasha ya kai Kano, tafiyar kimanin kilomita 170, a bugo a dawo mana da shi washegari. A nan na fahimci cewa abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta daban yake da abin da zai fito a takarda, saboda kwamfuta da haske mai launi uku take haɗa kala, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, don haka shuɗi mai ƙyalli yakan dawo a dushe idan ba a shirya shi yadda injin ke so ba. Zaɓen 2007, wanda ya kai marigayi Umaru Musa 'Yar'adua daga kujerar gwamnan Katsina zuwa shugabancin ƙasa, shi ne lokacin da na ga fleks ya mamaye gari, kuma daga nan aikin buroshi ya fara ja da baya.

Wannan sauyi ya taɓa maigidana ƙwarai. Wata rana na je gaishe shi na tarar da shi zaune shi kaɗai, babu yaro ko ɗaya a shagon, gwangwanayen fenti sun bushe. Na roƙe shi ya riƙa zuwa wurina yana duba mini aiki kafin in tura bugu, ina ba shi wani abu daga kowane aiki. Da farko ya ƙi, ya ce bai san komai a kwamfuta ba. Na ce masa, "Maigida, kwamfutar ba ta da ido, idonka nake nema." Ya zo, kuma a ranar farko ya nuna mini cewa tazarar da ke tsakanin wasu haruffa biyu a wani allon kanti ta fi ta sauran faɗi, abin da ni da kwamfutar ba mu lura da shi ba. Kafin rasuwarsa na sa ya rubuta mini dukkan baƙaƙen Hausa manya da ƙanana da buroshi a farin kwali, na ɗauke su a na'ura na adana. Idan aka kawo mini aikin da ke buƙatar rubutu mai kama da na garin nan, da haruffansa nake yi, kuma tsofaffin gari sukan gane hannunsa.

Marubuta ne suka fara nuna mini cewa aikina ya wuce neman kuɗin cefane. Yawancin marubutan Hausa da kansu suke buga littattafansu, su tara kuɗi, su kai madaba'a, su raba wa masu sayarwa, kuma bangon littafin shi ne duk tallar da suke da ita. A lokacin abin da aka saba shi ne a ɗauko hoton wata baƙuwar fuska ta Indiya ko ta ƙasashen Larabawa daga intanet a ɗora, ko da labarin a ƙauyen Batagarawa ya faru. Wata marubuciya ta aiko ƙaninta da littafinta kan rayuwar yarinyar da aka cire daga makaranta, tare da irin wannan hoto. Na nemi izinin karanta littafin tukuna, sannan na aika mata cewa, "Hajiya, yarinyar da kika rubuta ba ta yi kama da wannan ba, ki ba ni dama in gwada wani abu, idan bai yi miki ba in mayar da naki." Na ɗauki hoton wata tsohuwar ƙofar zaure ta cikin gari, na ajiye jakar makaranta da takalmin roba a bakinta, na rubuta sunan littafin da haruffan maigidana. Ta karɓa, kuma ta hanyarta wasu marubutan suka same ni. Ba kowa ne ya yarda ba, domin akwai masu cewa kasuwa ta saba da kyakkyawar fuska, kuma ba na ganin laifinsu tunda kuɗinsu suka zuba, amma ina da yaƙinin cewa labarin da aka rubuta da Hausa ya cancanci bango mai kama da mutanen da ke cikinsa.

Aiki da marubuta ne kuma ya sa na ɗauki batun haruffa masu lanƙwasa da muhimmanci. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ta taimaka wajen zaunar da su, amma da kwamfuta ta zo sai muka koma baya, saboda yawancin salon haruffan da ke cikinta ba su da su. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi ƙoƙari ya samar da salon haruffa masu ɗauke da su, waɗanda madaba'u suka daɗe suna amfani da su. Yanzu wayoyi ma suna rubuta su, sai dai kyawawan salon haruffa na ado da masu zane ke so har yanzu yawancinsu ba su da su, shi ya sa za ka ga babbar fosta ta Hausa an rubuta ta babu lanƙwasa ko ɗaya, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Abin da nake yi shi ne in zana lanƙwasar da hannuna, in daidaita kaurinta da na harafin, sannan in mayar da rubutun gaba ɗaya zane kafin in tura madaba'a, domin kada wata kwamfutar ta sauya shi. Yana cin lokaci, ba wanda ke biyana ƙarin kuɗi a kansa, amma fosta makaranta ce ga yaron da ke wucewa, kuma abin da ya gani a bango shi zai ɗauka daidai ne.

Mawaƙa da sha'irai da masu shirya gajerun finafinai su ma sun zama abokan aiki, musamman da waƙa ta koma YouTube da Audiomack, inda ƙaramin hoton da ke gaban waƙa ke sa a danna ko a wuce. Haka teloli da masu ɗinkin hula da masu ɗaukar hoto da makarantun Islamiyya a lokacin sauka da Mauludi. Shagon mai zane wuri ne da waɗannan mutane ke haɗuwa ba tare da sun shirya ba, kuma na sha ganin marubuci ya samu mai ɗaukar hoto, ko mawaƙi ya samu telan da zai yi masa kaya, a kan bencin da suke jiran aikinsu.

Amma aikin da ya fi zauna mini a rai na wata baiwar Allah ce maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tana daka yaji da garin kuka da daddawa, tana ƙullawa a farar leda, yaranta suna kaiwa gidaje. Kowa a unguwa ya san yajinta ya fi na kanti, amma babu mai kantin da zai karɓi ƙullin leda marar suna. Matata ce ta kawo mini maganar. Na je har zauren gidan, na ce, "Inna, wane suna kike so a sa?" Ta ce ita ba ta san wannan ba, in sa duk abin da na ga dama. Na ce a'a, kayanta ne, sai ta zaɓi sunan da jikokinta ke kiranta da shi. Na yi mata ƙaramar sitika mai launi biyu kacal domin kuɗin bugu ya yi sauƙi, ja irin na barkono da ruwan ƙasa, da zanen turmi da taɓarya, da jerin abubuwan da ke ciki da Hausa da Turanci, da gurbin rubuta ranar da aka daka. Muka sayo ƙananan robobi masu murfi a kasuwa. Ranar da na kai mata ta farko, ta juya robar a hannunta, ta kira babbar 'yarta ta karanta mata, sannan ta ce, "Ashe nawa ma zai iya zama haka." Yau kayanta suna cikin kantuna a gari, matafiya suna saye su kai Abuja da Kaduna tsaraba, kuma 'yarta ce ke amsa masu saye ta WhatsApp. Yajin bai sauya ba ko kaɗan, abin da ya samu kawai shi ne fuskar da zai shiga kasuwa da ita. Bayanta mata da yawa masu turaren wuta da humra da dakuwa da man shafawa sun zo, kuma su ne mafi yawan masu kawo mini aiki a yanzu.

Akwai ayyukan da ba na karɓa. An sha zuwa a ce in sa lambar NAFDAC ta ƙarya a jikin kaya, ko in gyara sakamakon jarrabawa, ko in haɗa hoton wani ɗan siyasa da abin da bai yi ba domin a yaɗa. Wanda ya iya sarrafa hoto yana riƙe da amanar idon jama'a, kuma a gari irin namu da kowa ya san gidan kowa, hoton ƙarya guda yana iya raba zumuncin shekaru. Nakan gaya wa mai neman lambar bogi hanyar da zai bi ya yi rajista ta gaskiya, wasu su ji, wasu su tafi wani wuri.

Babbar matsalar sana'ar ita ce mutane sun yarda su biya kuɗin bugu saboda suna ganin leda da tawada, amma ba su yarda su biya kuɗin tunani ba. Za ka kwana kana tsara tambari, mai shi ya ce ai danna kwamfuta kawai ka yi. Lokacin zaɓe aiki yakan yi yawa, bashi ma ya yi yawa, kuma wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya. Kayan bugu kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin leda da tawada da man janareta suka tashi lokaci guda. Kafin nan, a watan Satumban 2021, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, abokan cinikinmu na can suka kasa turo aiki, wasu sai sun yi tafiya mai haɗari kafin su iso da hoton da za a sa a katin biki.

Yanzu yara masu waya sun shigo da manhajojin zane irin su PixelLab da Canva, ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto da zarar an rubuta musu umarni. Wasu abokan sana'ata suna ganin yaran sun karya farashi, kuma gaskiya ne sun karya. Ni dai na tuna yadda zuwan kwamfuta ya yi wa maigidana, don haka na zaɓi in jawo su kusa. Duk ranar Asabar nakan buɗe shagon ga masu son koyo, kuma matata tana zama da 'yan mata a gida, domin wannan sana'a ce da mace za ta yi daga ɗakinta ta samu abin kanta. Ba na fara musu da manhaja. Takarda da fensir nake ba su, su rubuta sunan kanti, in liƙa a bango, mu koma nesa mu duba. Ina koya musu su rage yawan launi, su bar fili, su nemi a turo musu ainihin hoto domin wanda ya bi ta WhatsApp yakan fashe idan aka faɗaɗa shi, su kuma faɗi kuɗin zane daban da kuɗin bugu tun kafin su fara.

Abin da na fi nanata musu shi ne su ɗaga kai daga waya su dubi garinsu. Duk wanda aka ce ya yi zane mai nuna Arewa, dagin Arewa yake ɗorawa, ko hasumiyar Gobarau idan Katsina ce, ko rijiyar Kusugu idan Daura ce, kuma duk suna da darajarsu, amma ba su kaɗai muke da su ba. Akwai aska takwas a ƙirjin babbar riga, akwai zanen ƙwarya da na faifai da na tabarma, akwai adon sirdi da linzami da ake fitowa da su a hawan Sallah, akwai zankwaye da zanen da magina ke yi a fuskar soro. Wani aiki da na yi wa masu shirya baje kolin kayan hannu a Daura, daga zanen bangon wani tsohon gida da ke kusa da fada na ɗauko dukkan adonsa. Da na koma bayan damina, bangon ya zube an tayar da na bulo.

Tun daga lokacin, ni da ɗalibaina muka fara zagaya unguwannin cikin birni, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, muna neman izinin masu gidaje muna ɗaukar hoton zanen da ya rage a bangaye da ƙofofi, muna sake zana shi a kwamfuta layi bayan layi, muna rubuta unguwar da aka samo kowanne. Niyyarmu ita ce mu haɗa su wuri guda tare da haruffan maigidana bayan mun kammala mayar da su salon da za a iya bugawa da shi, mu ba duk mai zanen da ke so kyauta. Duk wanda ke da tsohon gida mai zane a Katsina ko Daura, ko tsohon hoton irin wannan gida a cikin kayan iyayensa, muna roƙonsa ya ba mu dama mu ɗauka kafin a rushe ko hoton ya lalace.